Hanyar Grubbs ko hanyar List: wacce ɗalibin kemistiri zai bi a binciken katalis?

Duk shekara idan lokacin zaɓen maudu'in digiri na biyu ya yi, nakan sami ɗalibi ɗaya ko biyu da zuciyarsu ta kamu da harhaɗa sinadarai, waɗanda ba sa son a sake tura su auna dalma a ruwan rijiya kamar yadda ajin baya ya yi. Bana wata ɗaliba ce ta shigo ofis riƙe da takardu biyu da ta bugo a shagon kwamfuta, ɗaya daga ɗakin binciken Robert Grubbs, ɗaya ta Benjamin List. Ta ce, "Malam, a cikin mutanen nan biyu sawun wa zan bi?" Na ba ta amsa a tsaitsaye saboda aji na jirana, kuma har na dawo gida abin na damuna, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye.

Katalis dillali ne. Yana haɗa sinadarai biyu da ba za su taɓa daidaitawa da kansu ba, ko kuma sai an shekara ana jira, ya ƙulla cinikin, ya fita yadda ya shiga, ya nufi na gaba. Bambancinsa da dillalin kara shi ne ba ya karɓar la'ada. Jacob Berzelius na ƙasar Suwidin ne ya raɗa wa abin suna a 1835. Takin yuriya da manomi ke saye a buhu ba zai samu ba sai da katalis na ƙarfe da ke haɗa naitirojin da haidirojin su zama amoniya. Har zuwa shekarar 2000 yawancin masana sun ɗauka dillalan kirki iri biyu ne kawai: ƙarafa, da kuma inzayim, wato sunadaran da ke yin dillancin a jikin halittu. Grubbs ya ƙare rayuwarsa a gidan ƙarafa. List yana cikin waɗanda suka buɗe gida na uku.

An haifi Grubbs a 1942 a ƙauyen jihar Kentaki ta Amurka, mahaifiyarsa malamar makaranta, mahaifinsa makanikin injin dizal. Ya yi digiri na ɗaya da na biyu a Jami'ar Fulorida, ya yi na uku a Kolombiya a hannun Ronald Breslow ya gama a 1968, ya koyar a Jami'ar Jihar Mishigan daga 1969, sannan ya koma Caltech a 1978, inda ya zauna har rasuwarsa a Disambar 2021. Abin da ya ɗaure wa gindi ana kiransa metatesis. Ka ɗauki shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, ga wasu biyun a wata karkiyar. A kwance su, a haɗa na wannan da na waccan, sai ga sababbin tagwaye biyu. Haka ƙwayoyin kabon biyu da ke ɗaure da haɗi mai ninki biyu suke rabuwa su sauya abokan ɗauri. Ma'aikatan kamfanonin mai da roba sun ci karo da wannan tun shekarun 1950, Nissim Calderon na kamfanin Goodyear ya ba shi suna a 1967, amma ba wanda ya san yadda abin ke gudana sai da Yves Chauvin na Faransa da ɗalibinsa suka yi bayani a 1971.

Akwai wani abu a tarihin Grubbs da nake so ɗalibai su riƙe. A farkon shekarun 1970 shi ma ya kawo nasa bayanin na yadda musayar ke faruwa, kuma bai dace ba. Da kansa ya shirya gwaje-gwaje da sinadarai masu alamar diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi, a tsakiyar shekarun, sakamako ya goyi bayan Chauvin, ya karɓa ya ci gaba. Daga nan sai doguwar tafiya. Richard Schrock na MIT ya riga shi fitar da katalis mai ƙarfi na ƙarfen molibdinam a 1990, sai dai wannan ba ya shiri da iska ko laima, dole sai a cikin akwatin safar hannu da aka cika da iskar argon ko naitirojin. Grubbs ya bi ta kan rutiniyam, bayan ɗalibinsa Bruce Novak ya lura a ƙarshen shekarun 1980 cewa gishirin wannan ƙarfe yana aiki ko a cikin ruwa. Katalis na farko da aka tantance siffarsa ya fito a 1992, wanda ake kira ƙarni na ɗaya ya biyo a 1995, ƙarni na biyu a 1999. Gari ne da za ka iya aunawa a kan sikeli a sarari, kuma ba ya faɗa da yawancin rassan da ke jikin ƙwayoyin magani. Wannan ne ya fitar da metatesis daga hannun ƙwararru 'yan kaɗan ya sa shi a hannun kowa. Grubbs da Schrock da Chauvin suka raba kyautar Nobel a 2005. Ka lissafa: sama da shekara 20 a kan abu guda kafin ya sami katalis ɗin da duniya ta karɓa.

Labarin List gajere ne, kuma kaifinsa a wuri ɗaya yake. An haife shi a Firankfot ta Jamus a 1968, ya gama digiri na uku a can a 1997 a hannun Johann Mulzer, ya tafi cibiyar Scripps a Kalifoniya wajen Richard Lerner da Carlos Barbas, inda ake ƙoƙarin mai da sunadaran garkuwar jiki su zama katalis. Inzayim ƙato ne, ɗaruruwan amino asid a jere, amma 'yan ƙalilan ne ke taɓa aikin. Sai List ya tambayi kansa ko amino asid guda ɗaya tak zai iya. Ya tuna cewa a farkon shekarun 1970 masana a kamfanonin Hoffmann-La Roche da Schering sun yi amfani da wani amino asid mai suna firolin wajen ƙulla zobe a aikin sinadaran sitiroyid, aka ajiye abin kusan shekara 30 ana kallonsa a matsayin dace. Ya zuba firolin a cakuɗen asiton da aldihaid, ya yi aiki. Takardar ta fito a 2000. A shekarar ne David MacMillan, ɗan Sikotland da ke Jami'ar Kalifoniya a Bakli, ya fitar da tasa da wani ƙaramin sinadari da ya ƙera da kansa, shi ne kuma ya raɗa wa fannin suna, wato katalis na sinadaran kabon zalla, babu ƙarfe. Su biyun suka karɓi Nobel a 2021. List ya koma Jamus a 2003, cibiyar Max Planck ta binciken kwal a garin Mülheim, ya zama darakta a 2005. A wannan cibiyar ce Karl Ziegler ya gano katalis na ƙarfe da ake yin roba irin ta leda da jarka.

Kafin a auna su sai an gane cewa ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Grubbs yana yanka ne yana ɗinki: ya ƙulla babban zobe, ya gutsure dogon sarƙa, ya jera ƙanana su zama roba. List damuwarsa hannu ne. Ƙwayoyin sinadarai da yawa suna zuwa dama da hagu kamar takalmi, kayan haɗinsu ɗaya amma ɗaya ba ya shiga ƙafar ɗaya. Akwai wani sinadari guda mai suna carvone, na wannan hannun ƙanshin na'a-na'a yake, na ɗaya hannun ƙanshin wani iri na girkin Turawa. A magani abin ya wuce ƙanshi, domin jikin mutum kansa mai hannu ne. Firolin na halitta hannu ɗaya gare shi, shi ya sa yake tilasta wa abin da ya haɗa ya fito da rinjayen hannu ɗaya. A gwajin List na farko da wani aldihaid mai naitiro rinjayen ya kai kashi 76 cikin 100, da wani kuma ya kai 96.

A wajen kuɗin katalis ba a ma haɗa su. Kuɗin giram ɗaya na ƙarni na biyu na Grubbs zai sayo maka firolin da ba za ka ƙarar ba har ka sa rigar yaye. Rutiniyam yana cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a doron ƙasa, yawancinsa daga Afirka ta Kudu da Rasha, kuma katalis ɗin sai an yi odarsa da kuɗin waje, a jira makonni, a ajiye a firji. Firolin farin gari ne kamar sukari, ba shi da guba, ana ajiye shi a kan kanta. Sai dai shi dillali ne mai nawa. A aikin List na farko kashi 30 cikin 100 ake zubawa, alhali na Grubbs kashi 1 zuwa 5 ya isa a ɗakin gwaji, a masana'anta kuwa ƙasa da haka nesa. List da kansa ya san wannan rauni, shekarun bayan nan ya ƙera wasu asid masu ƙarfi da ke aiki da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. To amma su waɗannan haɗa su aiki ne mai matakai da tsada. Duk wanda ya ce maka fannin List gaba ɗayansa arha ne, firolin kawai ya sani.

Na tsaya a kan ɗaliban da suka maimaita gwajin firolin, kuma abin yana da daɗin kallo. Miligiram 35 na farin garin, miligiram 151 na aldihaid mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, mililita 2 na asiton, 8 na ruwan narkarwa da ake kira DMSO, a ƙaramar kwalba da murfi, a bar maganaɗisu yana juyawa awa huɗu. Ba tukunyar gas, ba akwatin safar hannu. Idan wuta ta ɗauke ka girgiza da hannu lokaci-lokaci, aikin ba ya mutuwa. Ka ɗiga a farantin silika, ka ga sabon ɗigo ya bayyana ƙasa da na aldihaid, ka ga fuskar ɗalibi ta washe. Abu ɗaya da takardun ba sa faɗa mana: idan suka rubuta "zafin ɗaki" suna nufin digiri 20 zuwa 25. Ɗakinmu a watan Afrilu yana haura 35, kuma zafi yakan rage rinjayen hannu, ya ƙara yawan abin da ba a so. Sai ka tanadi kwanon ruwa da ƙanƙara da ma'aunin zafi, ka rubuta zafin gaskiya a littafinka. Da hunturu kuma DMSO na iya daskarewa a kwalba da sassafe, tunda ƙasa da digiri 19 yake sandarewa.

Nan ne kuma tarkon yake, kuma shi ne abin da ban faɗa wa ɗalibata ba a ranar. Haɗa sinadarin ba wuya, tabbatar da hannunsa ne wuya. Duk darajar aikin tana cikin lamba ɗaya, wato yawan rinjayen hannu, kuma ba mujallar kirki da za ta karɓi wannan lamba sai daga na'urar HPLC mai bututun da ke raba dama da hagu. Bututun kaɗai ya haura dala dubu, ba kowane ne ke raba kowane sinadari ba, kuma kowane sabon sinadari sai ka fara haɗa gaurayensa na rabi-da-rabi don ka san inda kowane hannu ke fitowa. Na'urar juya haske da ake da ita a wasu sassan tana ba da bayani kaɗan ne kawai, kuma ga sinadarin da wani ya riga ya auna. Na ga ɗalibin da ya shekara yana haɗa sinadarai goma sha, kwalabe a jere tsaf da lakabi, ya rasa inda zai auna ko ɗaya. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Aikin metatesis bai da wannan matsala a yawancin lokuta: na'urorin GC-MS da NMR, masu tantance ko wane sinadari ne aka samu, sun wadatar, kuma samun inda za a aika samfuri a yi waɗannan ya fi sauƙi.

Shi kuma na Grubbs tarkonsa tsabta ce. An ce yana jure iska, gaskiya ne, amma a matsayin gari. Da zarar ya narke, iskar oksijin na cinye shi a hankali. Na taɓa ganin an zuba ƙarni na ɗaya, mai launin shuni mai kyau, a cikin sinadarin da aka tace daga man gyaɗar kasuwa. Kafin minti goma launin ya koma ƙasa-ƙasa kamar ruwan kududdufi, da aka auna ba abin da ya sauya a man. Kuɗin makonni ya tafi a kwalba ɗaya. Laifin na man ne: ya jima a rana a cikin jarka, ya tara sinadaran ferokzayid, su kuwa guba ne ga rutiniyam. Maganin abin sananne ne, a tace man ta cikin garin alumina, a busa masa naitirojin kafin a zuba katalis. Ke nan dole sai da tukunyar naitirojin, da busassun ruwan narkarwa, da firjin da ba ya kwana a kashe. Kuskure ɗaya a nan yana da tsada, a gidan firolin kuwa ka wanke kwalba ka sake.

Idan aka zo ga abin da kowanne ya haifar a masana'anta, Grubbs yana gaba. Kamfanin Boehringer Ingelheim ya yi amfani da metatesis wajen ƙulla babban zoben wani maganin gwaji na ciwon hanta nau'in C, kuma wasu magungunan wannan ciwo da suka shiga kasuwa daga baya ta hanyar aka bi. Grubbs ya kafa kamfanin Materia a 1998 don sayar da katalis ɗin da kuma robobi masu ƙarfi. A 2013 aka buɗe matata a Gresik ta Indunusiya da ke sarrafa man ja da wannan hanya. Sai dai ƙarfe yana barin saura, kuma ƙa'idar magunguna ta duniya ba ta yarda mutum ya haɗiyi fiye da maikirogiram 100 na rutiniyam a rana ba, don haka cire shi daga magani wani aiki ne mai zaman kansa. Ɓangaren List ba shi da wannan ciwon kai. Yana da nasa abin nunawa: Yujiro Hayashi na Japan ya haɗa maganin mura oseltamivir a 2009 a tukwane uku kacal da wani ɗan gidan firolin, MacMillan kuma a 2011 ya haɗa sinadarin sitiriknin a matakai 12, wanda Robert Woodward ya yi a matakai kusan 30 a shekarun 1950.

Abin da ya fi jan hankalina ni, shi ne wanne ne yake da tambayar da tamu ce. A nan zuciyata ta karkata ga Grubbs. Man gyaɗa, man kaɗe, man riɗi, man darbejiya, man bini-da-zugu, duk cike suke da sarƙoƙin kabon masu haɗi mai ninki biyu, wato daidai abin da rutiniyam ke yankawa. Idan aka yanka asid ɗin oleyik da iskar etilin ana samun gutsure biyu masu kabon goma-goma, waɗanda ake nema wajen man giris, sabulun masana'antu da roba. Ga misali da ya fi kusa: ruwan ɓawon yazawa, wanda ake zubarwa ko a ƙona, yana ɗauke da sinadarin kadanol. A 2014 ƙungiyoyin Lukas Goossen a Jamus da David Cole-Hamilton a Sikotland sun nuna yadda za a gutsure shi da metatesis a sami sinadaran da ke jan ƙudan tsando zuwa tarko. Duk wanda ya san abin da sammore ke yi wa garken shanu ya san wannan ba wasan ɗakin gwaji ba ne. Masana na Jami'ar Darussalam a Tanzaniya sun yi shekaru suna aikin ɓawon yazawa tare da ɗakin Cole-Hamilton, su da kaya da tambaya, abokan aikinsu da na'ura. Mu ma yazawa muke nomawa da yawa, musamman a Kogi da Kwara.

Fannin List ma ba a rasa ƙofa ta gida ba. Tsamiya cike take da asid ɗin tatarik mai hannu ɗaya, wanda daga shi ake ƙera wasu katalis da ba ƙarfe. Ɗan'uwan firolin mai suna haidiroksifirolin daga sunadarin fata ake samunsa, ga kuwa majemu a Kano. Kwinin da iyayenmu suka sha don zazzaɓi shi ma tsohon katalis ne. Amma a faɗi gaskiya, bayan 2000 ɗaruruwan ɗakunan bincike sun yi rububin wannan fage, an sauya wa firolin riga iri-iri har ba adadi. Ɗalibin da zai kawo nasa sabon sauyi a yau zai sha wuya kafin ya sami gurbin da ba a taka ba. Kuma katangar da ke tsakanin gidajen biyu ta fara rushewa tuntuni: MacMillan, wanda ya zauna da Grubbs a Caltech daga 2000 zuwa 2006, ya haɗa katalis ɗinsa marar ƙarfe da wani sinadarin rutiniyam mai shan haske a 2008, ya buɗe wani sabon fage da yanzu ya fi na farkon cika.

To ga inda na tsaya. Idan digiri na biyu za ka yi a gida, wata 18 ko shekara biyu, kuɗin aljihunka ne ko na iyaye, bi List. Za ka koyi duk abin da mai harhaɗa sinadarai ke buƙata, aunawa, tacewa, karanta NMR, tunanin dama da hagu, kuma za ka iya yin kuskure sau hamsin ba ka karye ba. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na sassautawa a kansa: kada ka auna ko miligiram ɗaya sai ka riƙe alkawari a rubuce daga wanda ke da HPLC mai bututun raba hannu, ka san sunan bututun, ka san nawa ne kowane samfuri. In babu wannan, ka sauya maudu'i tun da wuri, ko ka yi aikin firolin a inda hannu ba shi ne abin nema ba.

Idan kuwa digiri na uku ne, shekara uku zuwa huɗu, kana da tallafi ko malamin da ke da abokin aiki a waje inda za ka je ko na wata shida ne, bi Grubbs, ka tafi da manka ko ɓawon yazawarka. Yi tacewa da tantance man a gida, domin wannan rabin aikin ne kuma ba wanda zai yi maka shi, ka kai sashen rutiniyam inda naitirojin da firji ba sa yankewa. Wanda burinsa aiki a matatar mai, kamfanin taki ko na roba, shi ma nan ya fi masa, domin harshen ƙarafa ake yi a can. Kuma ka duba halinka. Hanyar Grubbs ta mai haƙurin zama a kan abu ɗaya ce ko da shekaru sun shuɗe ba sakamako. Ta List tana son mai yawan karatun tsofaffin mujallu, wanda zai tsinci abin da aka manta tun 1971 ya tambayi dalilin da ya sa aka bar shi.

Ɗalibata digiri na biyu take yi, kuma mahaifinta ne ke biya. Da ta dawo na zaunar da ita na faɗa mata duk wannan. Ta ce, "Malam, ni man kaɗen ne ya tsaya mini a rai, garinmu shi ake yi." Muka shirya cewa za ta yi aikin firolin yanzu, babi ɗaya kuma ta ware shi ga tantance man kaɗen garinsu, yawan oleyik da yawan ferokzayid daga sabo zuwa wanda ya yi wata uku a kasuwa, don ya zama tsanin neman digiri na uku. Ta aika wasiƙa wurare uku kan maganar HPLC. Ɗaya ya amsa, muna jiran su faɗa mana irin bututun da suke da shi kafin mu yi odar aldihaid.